Yatsa na Sha Ɗaya

Maƙwabciyata a nan Albarika, cikin Parakou, tana da 'ya mai zuwa kwaleji, kullum da littafin Faransanci a hannunta, irin waɗanda ake tafka wata ɓarna a gidan attajiri, sai mai bincike ya zo ya tara 'yan gidan a falo ya nuna wanda ya yi. Ni a aji uku na bar lakwal, wato makarantar boko, ba na iya karanta su, amma takan ba ni labarin in ina wanki. Ran nan na tambaye ta, "To in mai binciken bai zo ba fa?" Ta yi dariya ta ce kullum yana zuwa. Na ci gaba da wankina. A tatsuniyar kakata babu wanda ya zo.

A Djougou na tashi, a bayan wani gida da kowa ke kira Babban Gida. Zuriyar fataken goro ne, tun zamanin ayari. Mu kuma kakanninmu su ne masu ɗaukar kaya da masu aikin gidan. An ce bauta ta ƙare tun ba a haifi uwata ba, amma har yau in muka shiga tun daga zaure muke cire takalmi, a durƙushe muke gaisuwa. In aka haihu a danginmu, ranar arba'in ana kai jariri gaisuwa. In mace ce kuma ta kwanta wa Hajiyar gidan a rai, sai ta ce, "Wannan tawa ce." Da an yaye ta sai a kai ta riƙo. Haka yayata Talatu ta tafi, ta girma a bakin rijiyarsu tana wanke-wanke, ko ƙofar lakwal ba ta taka ba.

Kakata ta wajen uwa, Kaka Dije, daddawa take yi. Bayan magariba takan zauna gaban murhu tana iza wuta a ƙarƙashin tukunyar kalwa, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya cusa guntun doyar Kolokonde a cikin toka yana jira ta gasu. Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta ƙwanƙwasa gindin ƙwarya sau uku ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai buɗe mata?" Mu ce, "Mu ne." Ta ce, "To kada wanda ya yi kuka in ta shigo." Tana da na Gizo da na kura masu sa mu dariya har mu ƙware, amma akwai guda ɗaya da in ta ɗauko ta, ko doyar ba ma waiwaya sai ta ƙone.

Wai an yi wani madugu mai gida zaure bakwai. A can ƙarshen gidan akwai wata yarinya mai tsince goro. Aikinta ta kwance huhu, ta fitar da goron da sankara ta ci, ta sauya ganye, ta yayyafa ruwa, ta ɗaure. Madugu yana kan hanya, sai uwargidansa ta haihu, yarinyar nan ma ta haihu, kwana ɗaya tsakani, duk maza. Ɗan yarinyar ya zo da cindo, wato yatsa na shida, ɗan mitsitsi a gefen hannun hagu. Takan ƙirga yatsunsa tana yi masa wasa, sha ɗaya.

Rana ta uku da hantsi ta kwantar da shi a cikin kwandon goro, ta bar tsohuwarta a bakin ƙofa, ta zaga bayan ɗaki ta yi wankan jego. Da ta dawo ta tarar da jariri a kwando, an lulluɓe shi da zane mai kyau da ba ta taɓa mallakar irinsa ba. Ta taɓa shi, sanyi ƙalau. A nan Kaka takan rage murya har sai mun matso, ta ɗaga hannu a hasken wuta tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. "Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa. Goma cif."

Aka binne jaririn da sunan nata. Washegari aka aiko daga cikin gida, wai uwargida ba ta da ruwan nono, ta zo ta shayar da ɗan madugu. Ta je, aka miƙo mata shi, hannunsa na hagu a naɗe da tsumma. Aka ce wanzami ne ya zo jiya. Kaka takan dube mu ta ce, "Wanzami kuwa sai ranar suna yake zuwa. Me ya kawo shi rana ta uku?" Yarinyar ta shayar da shi shekara biyu, tana kiransa ɗan maigida. Da ya girma ita ke durƙusa masa.

"To wa ya ɗauke jaririn?" in ji Kaka. Mu yi ta faɗi, wani ya ce mayya, wani ya ce aljanin rijiya. Ta girgiza kai. "Ku dai ba ku da wayo. Aljani ba ya kawo zane. Wanda ya ɗauka sallama ya yi, aka kuma amsa masa." Daga nan sai ta kife ƙwaryar ta ce, "Baƙuwa ta tafi, a rufe ƙofa, a rufe baki." Ni wannan sallamar ce ke tsorata ni fiye da kowace mayya. In na ji an yi sallama a gidanmu sai in ruga in duba ƙanena a kan tabarma.

Ni yarinya ce mai kallon hannun mutane, ban san dalili ba. Na san Kaka tana da ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake a gefen ƙaramin yatsanta na hagu, ta taɓa ce mini nan ne aka cire mata cindo. Wata Sallah, ina wajen shekara takwas, aka jera mu gaisuwa a Babban Gida. Alhaji, maigidan, yana raba wa yara alewa da hannun dama, ledar tana hannunsa na hagu. Ina durƙushe, idona ya sauka a kan hannun. Ƙwayar wake, a daidai wurin.

Da yamma a gaban murhu na ce, "Kaka, hannun Alhaji irin naki ne." Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta kama leɓɓana da yatsu biyu ta matse har hawaye ya zubo mini. Ta ce, "Rabi, idon nan naki zai kashe mu." Ta zare itacen wutar ta tsoma a ruwa, kalwar ma ba ta nuna ba. Ba ta ƙara yin wannan tatsuniya ba har Allah ya karɓi ranta. Ranar jana'izarta Alhaji ya aiko da likkafani, ya zo ya tsaya can nesa, bai shigo gidan ba.

Na yi aure, mijina ɗan zem ne, yana ɗaukar fasinja a moto, muka zauna Parakou. Bara na haifi 'yata ta fari a matanite, asibitin haihuwa. Madam ɗin da ta karɓi haihuwar ta ɗaga hannun jaririyar ta ce, "Kin ga, ta zo da ƙari." Na ƙirga. Sha ɗaya. Na sake ƙirgawa. Na roƙe ta a cire a take, ta ce yarinyar ƙarama ce ƙwarai, a bari ta yi ƙwari, kuma kada in yarda wanzami ya taɓa. Aka sa mata sunan Kaka, Hadiza, muna kiranta Ummi.

Da arba'in ta matso, Inna, mahaifiyata, ta bugo waya ta ce in shirya gaisuwa. Na ce ba ni da lafiya. Ta ce, "Ƙarya kike. Ba a ce wa Babban Gida a'a, kin sani." Abu biyu nake tsoro, na rasa wanda ya fi: Hajiya ta ce Ummi tata ce, ko Alhaji ya ga hannun ya gane na sani. Dabarar da ta zo mini ita ce in sa mata safar ƙafa a hannuwa biyu. Lokacin zafi ne, kafin ruwan farko. Tun daga tashar Parakou har Djougou mata a cikin mota suna kallona.

Muka zauna a ƙasa a falon Hajiya, ni da Inna. Alhaji yana kan kujera can gefe da carbi. Hajiya ta karɓi Ummi, ta ce, "Tubarkalla, ga hanci. Ke Rabi, wane irin sakarci ne wannan, safa a hannu cikin wannan zafi? Za ki dafa mini 'ya." Kafin in buɗe baki ta zare. Ta yi dariya, don ita daga wani gari aka auro ta, ba ta san komai ba. "Alhaji, zo ka gani, 'yar Rabi har da gyara aka ba ta."

Ya taso ya sunkuya. Ummi ta kama yatsansa, ɗan cindon yana reto. Ya daɗe yana kallo. Ya tambayi sunanta, Inna ta ce, "Hadiza, ranka ya daɗe, sunan marigayiya." Na ga hannunsa na hagu ya shige cikin aljihun riga.

Hajiya ta ce, "Wannan kam tawa ce. Da an yaye ta a kawo mini." Na ji Inna ta fara, "To, Hajiya, mun gode..." Sai na ji wata murya tana magana, ashe tawa ce. Na ce, "Alhaji, kakata ma tana da shi. A hannun hagu. An ce gado ne, ba ya ɓata a dangi." Inna ta mintsine ni a cinya. Ban ɗaga kai ba, carbinsa nake kallo, ya daina motsi.

"Hajiya, bar musu 'yarsu," in ji shi. "Gidan nan ya cika." Hajiya za ta yi magana, ya ce, "Na ce a bar musu." Ya juyo wajena, bai dubi idona ba. "Ki kai ta asibiti a cire. Kuma hanya da nisa, ba sai kin ƙara wahalar kawo ta ba." Ya fita bai gama jan carbin ba. Sai da muka wuce zaure sannan na zauna a kan dakali.

Ba ni da hujja. Masu cindo suna da yawa a duniya, kuma Kaka ba ta taɓa ce mini ita ce mai tsince goron ba. Ban san ko tausayi ne ya sa Alhaji ya bar mini Ummi ba, ko kuwa ba ya so hannun nan ya riƙa yawo a gidansa gaban 'yan'uwansa da surukansa. Abin da na gani dai, mutumin da muke durƙusa wa ya fi ni tsoro ran nan. Wataƙila kawuna ne. Ba zan taɓa kiransa haka ba.

Da ina yarinya na ɗauka tambayar Kaka a kan wanda ya ɗauki jaririn take. Sai da na ji Inna tana cewa "mun gode" na tuna wadda aka bari a bakin ƙofa. Tsohuwar ba muguwa ba ce, ita ma an koya mata ba a cewa a'a. Ina jin saboda mai amsawar Kaka ta yi ta maimaita mana labarin.

Ummi ta fara tafiya yanzu. Madam ta ce ta yi ƙwari, in kawo ta duk ranar da na shirya. Ban shirya ba tukuna. Har yau in aka yi sallama a ƙofata, sai na ɗauke ta na ƙirga, sha ɗaya, sannan in amsa.