Launin da Lawal Bai Taɓa Gani Ba

Da kakar bana abokina Lawal ya cika shekara tara a ƙasa. Motar masara ce ta kife da shi a hanyar Maska zuwa Funtua, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Duk shekara idan na raba wa ɗalibaina kwalaben gwaji sai ya faɗo mini a rai, bana kuwa tunanin ya ƙi sakina.

A makarantar koyon aikin lafiya muka haɗu, sashen gwaje-gwaje, ni daga Malumfashi shi daga Maska. A shekara ta biyu akwai darasin da kowa ke shakka. Za a ba mutum biyu kwalba ɗaya, cikinta akwai ƙwayar bakteriya da ba a faɗi sunanta ba, a ce su gano ko wace ce. Matakin farko rini ne: ka shafa ƙwayar a ɗan gilashi, ka rina, ka wanke, ka sake rinawa, sannan ka leƙa a madubin da ke ƙara girman ƙwayoyi. In ta fito shunayya, gwaje-gwajen da za su biyo baya daban. In ta fito ruwan hoda, daban. Wanda ya kuskure a nan, duk wahalar da zai yi a gaba ta banza ce.

Ni aka haɗa da Lawal, kuma ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Da ya kalli yadda ƙwaya ta tsiro a faranti, zai ce maka ga waɗanda yake zargi, ga gwajin da zai raba gardama. Amma duk sanda aka zo rini, sai ya leƙa, ya ja da baya, ya ce, "Kabiru, zo ka duba mana." Na ɗauka gwada ni yake yi. Wata rana don tsokana na ce masa shunayya ce, alhali ruwan hoda ce ƙarara. Sai na ga ya sunkuya yana rubutawa.

Da muka fito ya ja ni bayan aji. Ya ce tun yana yaro yake haka, ya sha faɗa wajen babansa a kan tsinko ɗanyen tumatir a madadin nunanne. Shunayya da ruwan hoda ma kusan abu ɗaya ne a idonsa. "Don girman Allah kada ka gaya wa kowa," in ji shi. "In suka sani korata za su yi." Na yi masa alkawari. Daga ranar ni nake faɗa masa launi a hankali, shi kuma yana jan ragamar sauran aikin, makinmu ya fi na kowa.

Sai jarrabawar ƙarshe ta zo, kowa da kwalbarsa, kowa da teburinsa. Ina hango shi ya daɗe a kan madubi, yana ɗagowa yana sake leƙawa. Ya yi canke, bai dace ba. Da ya maimaita a shekara mai zuwa, na riga na fita, aka sake kwatawa. Kafin ya tattara kayansa malamarmu ta aika aka kira ni. Mace ce mai tsanani amma mai adalci. Ta ce, "Kabiru, me ke damun abokinka? Yaron nan ya san aiki, na rasa gane kansa." Na ce, "Ban sani ba, Malama." A lokacin gani nake amana na riƙe.

Lawal ya koma gida ya kama noma, masara da waken soya da auduga. Yakan yi dariya ya ce auduga ce kaɗai ba ta taɓa ruɗa shi ba, fara ce kowa ya gani. Ni kuma na sami koyarwa, darasin nan dai shi ya faɗo hannuna. Yadda nake koya wa ɗalibai su yi tunani kafin su taɓa kwalba, a wurinsa na koya, ni kuma ake yabo.

Bayan shekaru, a wani taron ƙara wa juna sani a Funtua, wani abokin aiki ya nuna mana wata tsohuwar dabara. Ka ɗiga wani ruwan sinadari, ɗan uwan sodar da ake yin sabulu da ita, ka gauraya da ƙwayar, ka ɗaga siririn ƙarfen da ka gauraya da shi a hankali. In ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, irin masu ruwan hoda ce. In ba ta yi ba, mai shunayya ce. Babu launi a ciki sam. Ɗoki ya kama ni. Asabar na yi na hau mashin sai Maska, ban tsaya na tambayi kaina ko wa labarin zai amfana ba.

Na same shi a ƙofar gida ana ɓarar masara. Ko gaisuwa ba mu gama ba na fara zuba bayani. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Ita Malama ta san da wannan?"

"Ba mamaki ta sani," na ce.

"To da a ce ka gaya mata..." Sai ya tsaya. "A'a, ni na hana ka." Ya daɗe yana juya totuwa a hannunsa. Can ya ce, "Kabiru, yanzu me zan yi da wannan?"

Ya sa aka kawo mini fura, ya rako ni har bakin hanya, ya ɗaura mini masara a bayan mashin. Bayan nan sai dai mu haɗu a biki ko jana'iza mu gaisa a tsaitsaye. Kunyarsa nake ji, na dinga cewa sai abin ya lafa zan koma mu zauna. Kaka ta zagayo, mota ta kife.

Yanzu ɗalibaina da waya suke ɗaukar hoto ta idon madubi, har akwai manhajar da ke faɗa wa mutum sunan launi. Nakan tambayi kaina me Lawal zai ce da ya gani. Ina jin zai fara da faɗa, ya ce sun ɗauki hoto ba su kalli farantin ba. Sannan zai karɓi wayar ya gwada. A ranar farko ta kowane zango nakan ce duk wanda launuka ke ruɗa shi ya same ni, ba abin kunya ba ne. Jefi-jefi wani yakan zo, mu warware matsalar a zama ɗaya. Sauƙin abin shi ne ke ƙara mini nauyi.

A watan jiya na je Maska gaida iyalinsa, karo na farko da na iya tayar da maganar. Na tambayi matarsa, Hadiza, ko zuwana na ranar nan ya ɓata masa rai. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce ya yi kwanaki ba ya son magana, abinci ma sai ya taɓa ya ture. Sannan wata rana bayan la'asar ya tara yaransa. Ta ce, "Malam, tun da na aure shi, in yara suka tambaye shi me ya hana shi gama makaranta, cewa yake yi shi ba shi da kan boko. Ranar ce ya ce musu ƙarya yake yi, kansa lafiya lau, ido ne. Ya ce duk wanda ya ga wani abu na ba shi wuya a makaranta, ya buɗe baki ya faɗa."

Ba lallashina take yi ba, ba kuma zargina ba; tana faɗa tana tankaɗen gari. Ni dai har yau ban san ko wannan ya rage mini wani abu ba. Abin da na sani, yaran nan sun tashi sun san ubansu haziƙi ne, kuma daga bakinsa suka ji. Allah Ya jiƙan Lawal, Ya yafe mana.