Tsaga Huɗu a Kuncin Kaka Delu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kakata Delu a ƙauyenmu da ke gefen Malumfashi, kuma sai bana na samu ƙarfin zuciyar yin wannan rubutu.

Tun muna yara take gaya mana ita 'yar sarkin wani gari ce can yamma da Funtuwa, ta ɓace a hanya shekarar da yunwa ta watsa mutane, wani manomi ya tsince ta ya raine ta. Matan unguwa in sun hango ta da kwandon auduga a ka sai su ce a ba gimbiya hanya, su kwashe da dariya. Ni ma da na dawo daga jami'a da digirin tarihi, na lallaɓa na ce mata maganar da ba takarda ba ta zama hujja. Ba ta yi fushi ba. Cewa ta yi in ci tuwona kafin ya huce.

Bayan rasuwarta na rubuta labarin, amma tsoro ya sa na kira shi ƙagagge, na sauya sunaye. Abu ɗaya na bari yadda yake: tsaga uku a kuncin dama, huɗu a na hagu.

Bara aka karanta shi a rediyo. Ba a jima ba wani tsohon wanzami ya sauka daga babur a ƙofar gidanmu, ya nemi hotonta. Ya daɗe yana ƙirgawa da yatsa. Ya ce gidansu ne ke yi wa 'ya'yan wancan gidan sarauta tsaga, uku-uku, ba ƙari. Sau ɗaya tak hannun kakansa ya zarce ranar sunan wata 'yar sarki, ya ƙara tsaga ɗaya a kuncin hagu, sarki ya hana shi riƙe aska shekara guda, kuma har yau da wannan kuskuren ake ja wa mai koyo kunne a gidansu.

"Malam, mu abin kunyarmu ne," in ji shi. "Ashe ku shaidarku ce."

Mai yiwuwa malamaina su ce wannan bai isa ba, ni ma na kwana biyu ina juya abin. Amma dattawan gidan sarautar sun zo da kansu, suka tsaya a kabarinta, suka yi mata addu'a da sunan mahaifinta.

Da tana raye, ba na jin za ta koma can. Ina ga dai za ta so a ce ƙawayenta sun ji. Ta tsufa tana faɗin magana ɗaya, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, ba mai gaskata ta. Ni mutum ne mai yawan "wataƙila", amma ban da yau. Kaka Delu gaskiya ta faɗa.