Ranar da Na Kira Surukina da Sunansa

Shekarar da aka mai da ni teburin karɓar baƙi a bankinmu na Birnin Kebbi, hedikwata ta turo wani saurayi daga Legas ya koya mana gaisuwa. Mu fa, da muke iya gaida mutum tun hantsi har inuwa ta juya ba mu iso kan shanunsa ba! Ya kwana uku a otal, ya cinye kifin da ya kai girman jaki, ya bar mana doka: ka miƙe tsaye, ka kalli mutum cikin ƙwayar ido, ka kira shi da sunansa na yanka, duka cikin daƙiƙa goma. Aka buga ta a allo, aka raɗa mata suna Mutunta Jama'a.

Manajanmu, mai saka kwat ko da rana na soya ƙwai a kan kwalta, ya ce za a turo ɗan leƙen asiri cikin shigar kwastoma, kuma duk wanda ya faɗi jarabawa ya nemi fartanya ya nufi fadamar Ambursa. Ni kuwa takardar tabbatar da aikina ta yi wata takwas a teburinsa tana shan sanyin na'ura.

Wata Talata wani mai kwat ya shigo ya zauna daf da teburina, yana rubutu yana duba agogo. Manaja ya yi mini ido ta gilashi, wai ga ɗan leƙen asirin nan. Nan take ƙofa ta buɗe, sai ga surukina daga Argungu, ya zo a gyara masa lambar waya. Shekara goma sha biyu ina auren ɗiyarsa ban san launin idonsa ba. Takalmansa kam na san su ɗinki-ɗinki.

Gwiwata ta kama hanyar ƙasa da kanta, na tokare ta da teburi. Na miƙe, na zuba masa ido, na baje haƙora talatin da biyu, na rangaɗa masa sunan da ko matarsa ba ta taɓa furtawa ba.

Dattijo ya waiwaya, ko da wani a bayansa.

"Mi kac ce, yaro?"

Mai kwat ya ɗago kai. Na maimaita, har da ƙarin murmushi.

"Awo," in ji surukina. "Ashe ubana ya dawo duniya, ya kama aikin banki."

Aka gyara lambar, ya fita. Sai mai kwat ya matso yana sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, takardar neman aiki ce na rubuto, wa zan ba?"

Manaja dai ya ga komai. A ranar ya sa hannu a takardata, ya kuma ce ma'aikata su yi koyi da ni.

Labari ya riga ni gida. Matata ta dire mini tuwo ba miya, ta ce in nemi miyar a hedikwata. Ranar Asabar na ɗauki ƙwaryar goro na nufi Argungu, na tuɓe takalmi tun daga bakin titi, na durƙusa a zauren surukina har goshina na sharar tabarma.

"Baba, ina wuni? Ina gajiya? Yaya..."

Ya ɗaga hannu, ya duba tsintsiyar hannunsa, wadda ba ta taɓa ganin agogo ba.

"Daƙiƙa goma ta cika, yallaɓai. Na baya shi matso."

Na waiwaya. Akuya ce kaɗai a bayana, kuma ta matso.