Kalangun Da Ba Ya Jin Birki

Ma'aruf taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka ina da damar faɗar abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Tun da ya zo Greensboro ban taɓa ganin ya zauna ya shanye kofin shayi a kujera ɗaya ba. Ya yi tuƙin tasi ya bari, ya yi gadi ya bari, ya koma lodin kwalaye a wani katafaren sito da ke titin Wendover. Can ma sai da shugabansu ya kira shi ofis, wai yatsunsa sun addabi mutane. Kwali ne, sitiyari ne, murfin tukunya ne, ko kan 'yarsa Afnan in tsautsayi ya kawo ta kusa, duk abin da ya samu sai ya ƙwanƙwasa.

Ba a ƙasa ya tsinta ba. Babansa makaɗin mahauta ne a Wudil, shi ke buga kalangu ranar kasuwa a san an yi yanka. Amma a nan Ma'aruf bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mutanenmu sun ƙetaro teku da akwatunansu, ba su manta da tambayar nan ta "ɗan gidan wa ne?" ba, shi kuwa ya san inda ake zaunar da ɗan makaɗi. Sai ya naɗe kalangun uban a bargo ya cusa bayan kayan sanyi. In abin ya ciyo shi, ya ɗauko ya ɗan taɓa a hankali kamar ɓarawo.

Bangon gidajen hayar Wendover kuwa bai fi kwali kauri ba. Wata rana maƙwabciyarsa ta buga ƙofa, wata dattijuwa baƙar fata mai suna Jemimah. Shi har ya fara ba da haƙuri, sai ta ce ya ɗauko abin nan ta gani. Ashe makaɗiyar piyano ce, tana da 'yar ƙungiyarta ta kiɗan jaz, kuma an ba su fili a wasannin da ake yi duk Lahadi da la'asar a wani lambu da ke tsakiyar gari, tun shigowar zafi har ganye ya fara zuba. Ta ce tana son wannan gangar mai magana a cikinsu. Kwana ya yi yana zagaye falo, matarsa ta ce har kafet ya yi hanya.

Su masu jaz tsarinsu mai sauƙi ne. Kowa ya buga tare, sannan a sakar wa mutum ɗaya fili ya nuna abin da ya iya, in an gyaɗa masa kai ya mayar wa na gaba. Karɓa dai Ma'aruf ya iya. Mayarwar ce ta gagara.

Da an sakar masa fili, hannunsa ba ya zuwa ko'ina sai taken mahauta. Dokar gidansu kuwa ita ce, in ka ɗauko taken mutane ba ka ajiye shi sai mai shi ya tashi ya amsa. Ka yanke a tsakiya, ka wulaƙanta masu taken ke nan. To wa zai tashi a lambun nan? Bayin Allah suna zaune a kujerunsu na naɗewa, da karnukansu da kwandunan abinci, suna jira ya gama su tafa. Shi yana jiran a tashi, su suna jiran ya tsaya. Lahadin farko an ɗauka salo ne. Ta biyu, mai busa ƙahon ƙarfe ya ajiye ƙahonsa ya sha ruwa, ya tsaya kallon tsuntsaye.

Ni da tausayi ya kama ni, Lahadi ta gaba na miƙe tsaye tsakiyar jama'a da gyalena. Ko kallona bai yi ba.

"Ke Ruƙayya, tun yaushe kika zama 'yar mahauta?" in ji shi a mota. "Ba takenki ba ne."

"To ka buga wani abin daban mana! Solo aka ce ka yi, ka nuna gwanintarka kai kaɗai, ba tashin matattu ba."

"Na gwada. Hannun ne yake komawa can da kansa."

Raina ya ɓaci, na ce masa mota ma da ba ta jin birki ajiye ta ake yi. Jemimah ita ma abin da ta faɗa masa ke nan, amma cikin ladabi. Ta ce tana ƙaunar kiɗansa, sai dai ba za ta zuba ido mutum ɗaya ya cinye rabon sauran ba. Wasan rufewa na nan tafe. In ya wuce gyaɗa kanta na biyu, baɗi ba da shi ba. Ban taɓa ganin Ma'aruf ya tsorata kamar ranar ba, don wannan ne abu na farko a ƙasar nan da bai so ya bari ba.

Ranar Juma'a bayan an sallame, ya yi abin da ya girgiza ni. Ya tari Alhaji Lauwali a bakin mota. Alhaji Lauwali shi ne babbanmu a garin, mai manyan motocin dakon kaya da gida a Summerfield, unguwar masu hali, mutumin da ba ya dariya sai da dalili. Duk babbar salla, in muka je gonar da muke layya a McLeansville, shi ke naɗe hannun riga ya feɗe rago kafin samari su gama neman igiya. Mu muna cewa Alhaji akwai zafin nama. Ma'aruf kuwa ya daɗe yana cewa wannan riƙon wuƙar a gida ake gadonsa.

"Alhaji, jibi ina da wasa a downtown, lambun nan na tsakiyar gari. Kalangu nake bugawa. Ina so ka zo."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Kalangu? Da girmanka, Malam Ma'aruf?"

Ya shiga mota ya ja. Kafin la'asar labari ya gama gari, har wata ta bugo mini waya wai tana yi mini jaje.

Ranar Lahadin wasan rufewa lambun ya cika, iska ta fara sanyi. Na kasa zaune na kasa tsaye, sai waige nake yi. Sai da aka yi nisa na hango su can baya, Alhaji da Hajiyarsa, ya harɗe hannuwa a ƙirji kamar wanda aka kawo shaida kotu.

Aka sakar wa Ma'aruf fili. Ya matse kalangun a hammata, ya ɗauko taken. Ya kai ƙarshe ya sake ɗaukowa. Jemimah ta ɗago ta gyaɗa kai, na farko ke nan. Alhaji ko motsi. Ma'aruf ya tako har bakin dandamali, ya juya bakin gangar ya saita ta can baya, gumi na zuba, kalangun na kira kamar mai kuka. Na ga Jemimah ta fara ɗago kai. Na ce a raina, shi ke nan, ya tona asirinsa a banza, ga kuma kora.

Sai Alhaji ya cire tabarau ya miƙa wa Hajiya. Ya miƙe tsaye, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama yana jinjina, ƙafarsa na dukan ƙasa. Ma'aruf ya buga ɗaya mai ƙarfi ya ɗauke hannu cak. Jemimah ta faɗo da piyanonta daidai wurin, ni kuwa na rangaɗa guɗar da ta sa karnukan lambun haushi.

Da aka tashi, Jemimah ta ce wa Ma'aruf sai baɗi, ya zo da abokin nan nasa. Alhaji ya ƙaraso, idonsa jawur.

"Kai ɗan gidan wa ne?"

"Ɗan gidan Uwaisu Mai Kalangu ne, na Wudil," in ji Ma'aruf, da ƙarfi, a gaban kowa.

Alhaji ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. "Rabona da jin wannan taken tun babana na da rai," ya ce. "Ka ja mini magana a gari, Allah ya shirye ka."

Gidana muka wuce, na dafa shayi. Ma'aruf ya zauna a kujerar bakin taga, kalangun a cinyarsa ba bargo, yatsunsa a kwance a kan fatar. Na yi ta jira ya zabura in samu abin tsokana. Ya shanye kofin tas, ya miƙo mini, ya ce in ƙara masa.