Farantin Ɗumin Inna Tamo

Jama'a, wannan ba ji na yi ba, wallahi da ni aka yi shi, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Shekarun baya ne, lokacin ina aikin gini tsakanin Madawa da ƙauyukan Keita, kowa Maso yake ce mini, wato magini, sunana na yanka ma ya ɓace.

A wani ƙauye kusa da Ibohamane na san Isuhu. Karatun haɗa sinadarai ya yi a waje, amma in ka gan shi tsamo-tsamo cikin kashin shanu ba ka cewa ya taɓa shiga aji. Mahaifiyarsa, Inna Tamo, makauniya ce, ga ciwon ƙafa da ba ya shiri da sanyi, kuma zanenta ya taɓa kamawa a kaskon garwashi, Allah ne ya kiyaye. Ni na gina masa ramin da kashin shanu ke ruɓewa ya ba da gaz ɗin da yake kira metan, shi kuma ya haɗa wani ɗan faranti cikin ragar ƙarfe, ya shafe shi da gari. Ya ce garin tataccen yashi ne mai ƙofofin da ido ba ya gani, a cikinsu akwai wani ƙarfe mai tsada, faladiyom. In an gasa farantin aka saki gaz, sai ya riƙa ci ba harshen wuta, ba hayaƙi, ɗumi kawai. Na ce ai wannan tsafi ne, ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ashe garin farantin ma mutuwa yake yi. Sanyi na biyu farantin ya daina ɗauka, ga shi an sayar da shanun, ramin ya bushe. Isuhu ya tafi neman sabon gari, a hanyar dawowa motarsu ta faɗi kusa da Madawa. Ina Madawa a lokacin, da ni aka yi masa salla aka rufe shi. Dattawa suka ce irin wannan ba a faɗa wa uwa ta waya, ni da ta san muryata ni zan je.

Na isa da hantsi, na yi sallama, na tarar da ita zaune bisa tabarma ta miƙa hannuwa wajen farantin, fuskar nan fes.

"Maso ne? Shigo. Abokinka ya taho ɗazu ya gyara min abin ga."

"Wane aboki, Inna?"

"Isuhu mana. Wa ka iya taɓa shi in ba shi ba?"

Kai! Na duba, tiyon gaz ɗin yana reto a bango, ko haɗa shi ba a yi ba. Na kai hannu kan ragar, na rantse da Allah sai da yatsuna suka yi bororo.

Na zauna, har raina ya ce in tashi in tafi da maganata. To amma amana ce, kuma masu gaisuwa na nan tafe. Na ce, "Inna, sai haƙuri. Isuhu lokaci ya yi, jiya munka ruhe shi Madawa."

Ta yi innalillahi a hankali, sannan ta ce, "Shi ya sa bai amsa ba. Ni yi ta kira nai, ƙahwata kawai ya dahwa ya hita."

Sai ta sake miƙa hannu tana lalube, ta matso, ta dafa ragar da tafinta duka. "Maso," ta ce, "ya huce."

Na taɓa. Sanyi ƙalau kamar gindin randa, ƙarfen da ya ƙona ni yanzun nan. A nan ne ta fashe da kuka, ni ma, ƙato da ni, na kasa riƙe nawa. Ba ta ga ƙarshen sanyin shekarar ba.

Na tambayi malamai, na tambayi 'yan boko, ba wanda ya ba ni amsar da ta zauna mini, ni ma na bar wa Allah saninsa. Abin da zan ce muku kawai, in aka aike ku da saƙon mutuwa kuka tarar da tsohuwa tana jin ɗumi, don Allah kada ku yi gaggawa. Ku zauna tukuna, ku bari ta ɗan ƙara ji.