Giyar Tuffar Jeremiah

Jeremiah direban bas ne a Manchester, yana zaune a Ardwick, amma kafin ya gaya maka haka sai ya fara gaya maka cewa duk Pankshin babu mai dafa burukutu kamar uwarsa. A wajen wani suna ya cika wa Jabez, yayan matarsa Kaneng, baki cewa da Kirsimeti zai kai masa giyar tuffa har gidansa da ke unguwar Lozells a Birmingham, haɗin hannunsa. Jabez ya ce in ta yi zai faɗa a gaban kowa, in ba ta yi ba ma zai faɗa.

Ya sayo jarka shida ta ruwan tuffa a supermarket, ya juye a bokiti, ya barbaɗa yis. Shiru, ko kumfa ɗaya. Ya ƙara yis, ya lulluɓe bokitin da bargo a gindin hita, yana kara kunne kamar mai jinya. 'Yarsa Zoe ce ta duba jikin jarkar, ta ce masa akwai maganin hana lalacewa a ciki, shi ya hana yis motsi.

Ya kira uwarsa a Pankshin. Tsohuwar ta yi dariya har da tari.

"Irmiya, ka taɓa ganin na ta da sabuwar tukunya babu ruwan tsohuwa? Nemo mai rai ka zuba mata."

Ya markaɗa ɗanyar tuffa da yis a kwano, da ya soma kumfa ya antaya a bokiti. Giya ta tashi. To, a Pankshin ana shan burukutu ne yana kan tashi, don haka shi ma tana tsaka da kumfa ya ɗura ta a kwalabe goma sha biyu, ya ɗaure bakinsu tam. Ya manta ba a taɓa toshe bakin tukunyar uwarsa ba.

A hanyar Birmingham kwalaben suka soma harbi a but ɗin mota, ɗaya bayan ɗaya. Kaneng ta ce ita ba za ta ce komai ba, ta kuwa yi ta faɗar haka har Lozells. Kwalba ɗaya ce ta isa lafiya.

Jabez ya buɗe ta a falo a gaban baƙi, rabi ya tafi silin. Ya kurɓi ragowar, ya daɗe yana tanɗar baki, Jeremiah na tsaye.

"Suruki, ta yi," in ji shi. "Amma ranar Asabar ka dawo da fenti."