Ruwan Tankin Dung

Dung Chollom ya shekara goma sha tara a Gorton, sha ɗaya daga ciki yana gyaran manyan motocin bas a wani gareji da ke gabashin Manchester. Matarsa Clara ma'aikaciyar jinya ce. 'Ya'yansu biyu, Asher da Bethany, duk sun tafi jami'a. Ni sunana Abdussalam, ina zaune a Small Heath da ke Birmingham, aikina ajiye takardun marasa lafiya a ofishin wani GP, wato likitan unguwa. Tare muka tashi a Bukuru. Da aka canza wa mahaifinsa wurin aiki muna aji huɗu, a ɗakinmu ya ƙarasa sakandare, kwano ɗaya muke ci. Tun lokacin yake ce min Akawu, domin ko ƙwallo aka buga sai na rubuta wanda ya ci.

Abin da aka san shi da shi a layinsu shi ne motarsa. Tsohuwar motar ɗaukar kaya ce da ya shekara uku yana mayar da ita ɗaki: gado biyu, murhun gas, ƙaramin famfo, da tankin farar roba mai cin lita saba'in, wanda ya ja wa layuka da baƙin fenti. Maƙwabta campervan suke ce mata. Clara kuwa akwatin Baban Asher take kiranta.

Dung mutum ne da ba ya faɗin damuwarsa. Idan ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. Na san haka sarai, amma ban sa shi a lissafi ba.

A watan Yunin bara ya ga hoton wani tudu a kudancin Spain, busasshiyar ƙasa da fayafayen duwatsu, manyan tsaunuka a bayanta. Ya ce kamar hanyar Riyom. Akwai wurin da matafiya ke yada zango a can, babu wuta, babu famfo, babu mai gadi, waya ma ba ta shiga. Clara ta ce ita ba ta baro Jos don ta je ta yi wanka da kofi ba. Sai ya zo Birmingham ya ɗauke ni.

Lissafin ruwa ni na yi. Na samo shi daga shafin Turawa masu irin wannan yawo: lita bakwai ga kowane mutum a rana, uku na sha, biyu na girki, biyu na wanke jiki da kwanuka. Mu biyu, kwana biyar, saba'in cif. Daga ƙauyen ƙarshe zuwa zangon kilomita ashirin da shida ne, hanyar ƙasa mai hawa, kuma sai da muka yi awa biyu a kanta. Wata mota ɗaya muka tarar, ita ma washegari ta tafi.

Kullum da safe nakan duba layin tanki in rubuta. Safiya ta biyu ya kamata in ga hamsin da shida, sai na ga arba'in da shida.

"Baban Asher, tankin nan yana yoyo."

"Haba Akawu. Tankin da na haɗa da hannuna?"

"To ina lita goma suka shiga?"

"Zan duba," ya ce, ya ci gaba da soya ƙwai.

Safiya ta uku, ashirin da shida. Na shiga ƙarƙashin motar da kaina, na shafa kowane tiyo, ƙasar wurin a bushe take ƙayau. Na ce mu sauka ƙauye mu ciko. Ya ce hanyar tana cin taya, mu bari sai gobe, ai ruwa bai ƙare ba. Ranar muka hau dutse har la'asar. Na lura bai ɗauki gorarsa ba. Da na miƙa masa tawa sai ya ce ya sha kafin mu fito.

Safiya ta huɗu, takwas.

Na daɗe ina kallon layin. Lokacin rana ta ɗan ɗaga, ina so in yi walaha. Na buɗe famfo kamar yadda na saba, na naɗe hannun riga, sai wani abu ya faɗo min. Na jawo tukunyar shinkafa na tara a ƙasa, na yi alwala yadda nake yi a gida, ruwa yana zuba ban rufe ba. Da na gama na auna da gora. Lita uku da ɗan wani abu. Ga na buta kuma, duk shiga bayi. Turawan da suka rubuta lissafin ba sa alwala, ni kuma da na kwafo ban ƙara layin ba. Babu wani yoyo. Ni ne.

Na fito in gaya masa, sai na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da tayar baya, idanunsa a rufe. Leɓensa ya tsattsage. Kofinsa yana rataye inda ya bar shi tun shekaranjiya, ƙura a ciki.

"Dung! Yaushe rabonka da ruwa?"

"Na ɗan kurɓa jiya."

"Maganin hawan jininka fa?"

"Shi kam ban fasa ba."

Na san ƙwayar daga wurin aiki, irin mai sa yawan fitsari ce. Na dama gishiri da sukari a ruwan tukunyar nan na ba shi. Ya kurɓa uku ya amayar. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi.

Lasisina na mota mai canza giya da kanta ne. Ban taɓa taka kuloci ba tun da na baro gida, rabona da shi tun wata tsohuwar motar kawuna a Jos. Na kama shi na sa a kujerar gaba, na jiƙa tawul na ɗora masa a wuya, na zauna a gaban sitiyari. Ƙarfe tara da minti goma.

Sau uku motar tana mutuwa kafin mu fita daga zangon.

"A hankali za ka sake shi, Akawu. Ba maciji ka taka ba."

"Yi shiru ka sha ruwa."

"Giya ta biyu. Kar ka wuce ta biyu ko da wa ya ce."

Hanyar faɗin mota ɗaya ce, dutse a hagu, kwazazzabo a dama, babu ƙarfen kariya. Duk bayan minti biyar nakan ce ya kurɓa, in kuma tambaye shi sunan wani ɗan ajinmu don in tabbatar yana tare da ni. A wajen kilomita na goma sha ɗaya na tambaye shi bai amsa ba. Na juya in dube shi, sai ga kwanar hanya a gabanmu. Na danne birki na manta kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu, tayar gaba ta dama tana kan tsakuwar bakin rami. Na ji duwatsu suna gangarawa, ban ji saukarsu ba.

Na ja birkin hannu.

"Dung. Baban Asher!"

Ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi gefen ramin. "Ribas," ya ce. "Ɗaga zoben da ke ƙasan kan giyar, ka tura hagu, sannan gaba. Kar ka saki birkin hannu sai ka ji tana ja."

Na yi bisimilla na bi abin da ya ce. Ta ja baya kamar taku biyu. Ya isa.

Ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in muka shiga ƙauyen. Wata mata mai shago ta nuna mana ƙaramin asibitinsu, aka ɗaura masa ruwa leda biyu. Likitar ta ce sai an duba ƙodarsa idan ya koma gida. GP ɗinsa ya duba, an canza masa magani, ƙodar ta farfaɗo bayan mako shida.

A bakin gadon asibitin ƙauyen na tambaye shi tun yaushe ya sani.

"Tun ranar farko. Ina jin ƙarar famfon."

"Me ya hana ka magana? Da kofi ɗaya ma ana alwala. In babu, ga ƙasa ko'ina, sai in yi taimama."

"Ni in ce maka ka rage alwala? A cikin motata?" Ya girgiza kai. "Shekara biyu Inna tana zuba min tuwo a gidanku, ko sau ɗaya ba ta ce ga ranar Lahadi kar ka je coci ba. Ita ke tashina ma."

Da waya ta shiga, Clara ta wanke mu tas, ni da shi, ba ta bambanta ba. Ta ce tsofaffi biyu da furfura, ɗaya ya iya lissafi bai iya kallo ba, ɗaya yana da baki bai san amfaninsa ba.

Bana ma ya nemi hutu a watan Yuni. Da na je Gorton wancan makon na tarar ya ɗaure wata shuɗiyar jarka ta lita ashirin a bayan kujera, da buta a rataye a wuyanta. Ya rubuta mata "Na Akawu" da baƙin fentin nan. Ni kuma na buɗe sabon layi a littafina, inda zan riƙa rubuta kofi nawa ya sha a gabana.